Zabuwar Bayan Zana

Duk sanda na fitar da wani ɗan littafi na yara, ba na rasa mai zuwa ya same ni da ƙorafi iri ɗaya: me ya sa a labaraina in uwa ta tafi ba ta dawowa? Wata malamar makaranta ta taɓa tsare ni a bakin ƙofa da littafin a hannunta, ta ce yaran ajinta sun sha kuka, in ji tsoron Allah. Na ba ta haƙuri, amma ko kalma ɗaya ban sake ba. Ni ma ba ni na ƙago wannan hali ba. Gadonsa na yi a bayan wani zana, a zangon Sokodé, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasar.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma wanda ya san gidajenmu na wancan lokaci ya san abin da haka ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta jawo shi jikinta a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin, kuma yabo ne a ce mace tana da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba. Tsakar gidanmu ɗaya da Inna, amma in tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Ruwa dai ya ƙare a gidan nan," ni kuma in ɗauki tulu. Da ƙanwata ta fara baki, wadda kowa ke kira Auta, sai Inna ta samu 'yar aike. Ina zaune a gabanta za ta ce, "Auta, ce wa wancan ya zo ya ci abinci."

Sauran 'ya'yan fari na unguwa ko a jikinsu. Ni kuwa Allah Ya yi ni da kunnen ƙashi da naci, abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. Abu ɗaya nake so a duniya, Inna ta juyo ta faɗa mini magana, ni, ko da zagi ne. Na gwada dabaru. Na taɓa sakin ƙwaryarta ta fashe a gabanta don in ga ko za ta ce mini "kai". Ta dubi sakainar, ta ɗaga murya wajen ɗakin Kaka ta ce, "Jikanku ya yi aiki." Kaka ta fito da muciya, na sha kashi a banza.

Baba mahauci ne a kasuwar Sokodé, Inna kuma tana toya waina a ƙofar gida da safe. Wata rana ina zaune ina jiran ɓaraguzai, sai na ga ta sa hannu ta ɗauke tanda daga kan wuta babu tsumma. Ta aje ta, ta ci gaba da hira da mai saye. Ni na ji ƙaurin fata, ita ba ta ji komai ba. Kaka ma ta gani. Da aka watse ta ja ta ɗaki, ta yaye mata mayafi a gaban haske, ta ga tabon da ya yi fari-fari a dantsenta da bayanta.

Ba wanda ya ambaci kalmar kuturta a gidanmu, lalura kawai ake cewa. Amma kowa ya san abu biyu. In zango ya ji, ba mai sake sayen nama a hannun Baba. In kuma likitan Faransa ya ji, shi da ke zagaya unguwanni da dakarun kumandan, Baturen mulki, yana duba jikin mutane, za a ɗauke ta a kai ta ƙauyen da aka ware wa masu wannan ciwo a wajen gari, wanda ba a fita daga cikinsa sai da izini. Saboda haka Baba ya kwashe fatu daga ɗakin baya inda yake tara su, ya kewaye ƙofar da zana mai tsawo, ya sa Inna a ciki. Aka gaya wa maƙwabta ta tafi Kparatao jinyar uwarta, da yake dangin uwarta 'yan ƙabilar Kotokoli ne na can.

Da aka rufe ta, mu ma an rufe mu. Auta ba ta da sakata a baki, kowa ya tambaye ta sai ta faɗi har da abin da ba a tambaya ba, don haka aka hana ta fita. Ni kuma aka ce in zauna in tsare ta, har makarantar allo aka ce musu ciwon ido nake. Kaka ta karɓi tuyar waina, ta kafa kujera a zaure, ba mai shiga ba mai fita. Duniyarmu ta zama tsakar gida, da rijiya, da bishiyar gwanda guda. Ina jin abokaina suna wucewa ta bayan katanga za su rafi, ina gane kowa da muryarsa. Abincin Inna a wani akushi na dabam Kaka ke tura shi ta ƙarƙashin zana, kuma akushin ba ya sake haɗuwa da sauran kwanuka.

Auta ce ta fi shan wuya. Ta san uwarta na nan, tana jin tarinta, amma an ce in ta taɓa zanan nan za a yanka ta. Sai ta zauna nesa kaɗan ta yi ta kuka har muryarta ta dishe. Da yamma ba dama, Baba na gida, da dare kuma magana tana tsallake katanga. Lokaci ɗaya ne gidan ke zama namu, da hantsi, sa'ad da Baba ke kasuwa, Kaka na fama da masu saye, maƙwabta kuma sun kama dakan sakwara, ƙarar turmi ta rufe komai. A irin wannan lokaci ne wata rana muka ji muryar Inna ƙasa-ƙasa ta bayan zana.

"Auta, yi shiru in yi miki tatsuniya."

Auta ta tsaya cak, ta ce, "Inna, rana ce fa. Za mu ɓata."

Ko ita ta san wannan. Ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi da wanda ya saurara, ɓata za su yi a hanya. Sai dai akwai makari. A kama silin ciyawa a jikin zana a ƙulla kafin a fara, in an kai ƙurunƙus a kwance.

Inna ta ce, "Ce wa wancan ya ƙulla mana. Yatsuna ba sa yi."

Na tashi na kama sili ɗaya, ya karye. Busasshe ne. Sai na koyi in jiƙa shi da yawu tukuna, ya yi laushi. Da Kaka ta ga na sa bakina a jikin zanan nan da ta suma. Daga ranar aikina ke nan, kowace hantsi in ƙulla, in Kaka ta fara tattara tanda in kwance, Inna ta ce gobe a ɗora.

Tatsuniyar wata zabuwa ce mai 'ya'ya biyu. Ƙaramar kullum tana ƙarƙashin fiffikenta, babban kuma yana biye a baya, ba ta ko waiwayarsa. Wata rana zabuwa ta tashi ta ga gashinta ya fara zuba. Ta ɓoye wurin da ɗaya fiffiken. Washegari wani ya zuba. Ta je wurin kunkuru ya ba ta magani, ta je wurin bushiya ta ba ta wani, gashi bai fasa zuba ba. Inna ta iya muryoyi. In ta yi ta kunkuru, a hankali, yana tari tsakanin kalma da kalma kamar limamin unguwarmu, Auta har birgima take yi don dariya. Sai zabuwa ta lura duk wanda ya kwana a ƙarƙashin fiffikenta shi ma nasa gashin zai zuba. Ta ture ƙaramar waje. Ƙaramar ta yi kuka, ta ce uwarta ba ta sonta.

Auta ta ce, "To ba ta sonta ɗin ne?"

"Tana sonta. Shi ya sa ta ture ta."

Auta ta juya maganar a ranta. Daga ranar ba ta ƙara kukan a bar ta ta shiga ba. Abin da tsawar Baba da muciyar Kaka suka kasa, zabuwa ta yi shi.

Ni na girme wa a yaudare ni. Na gane wace ce zabuwa tun ranar farko, kuma na ji haushi, don ko a tatsuniya babban ɗan bai da rabo, yana dai biye a baya. Da na gaji sai na zungure Auta na ce, "Tambaye ta, babban ɗan me ya yi da ba a kiransa?"

Auta ta juya wajen zana ta ce, "Inna, wai babban ɗan me ya ci?"

Haka muke fama. Ni in faɗa, Auta ta karkatar, Inna ta amsa abin da ta ga dama, alhali ta ji ni sarai, don zana ba katanga ba ce. Rannan ta ce babban ɗan fara ya ci, ta wuce.

Bayan kwanaki, wata hantsi mai zafi, Auta ta ɗora kai a cinyata tana saurare, barci ya kwashe ta. Na dubi gwanda na ce da ƙarfi, "Ta yi barci." Na miƙa hannu zan kwance ƙulli. Sai na ji Inna ta gyara zama, ta ce, "To, Auta, kina ji ko?" Na janye hannuna.

Ta ce akwai shaho a garin su zabuwa, kullum yana bisa rimi yana saurare. Shi ba ya ɗaukar ɗa sai wanda ya ji uwa ta fi kira. Zabuwa ta san haka tun ranar da ta fashe ƙwanta na fari, shi ya sa ta haɗiye sunansa. Ta ce in suna tafiya, ko da ba ta waiwaya ba, kunnenta na baya, tana jin takunsa a cikin busasshen ganye, in ya tsaya ita ma sai ta tsaya ta yi kamar tana tonon ƙasa. Ta ce, "Auta, ranar da ya fasa mata ƙwarya, dariya ta so kuɓuce mata, sai ta duƙar da kai." Zabuwa da ƙwarya. Ina zaune hawaye na zuba a kan kitson Auta, ina tare su da hannu kar ta farka. Na ji daɗi, kuma ban ƙoshi ba. An ba ni abin da nake so, amma ta hannun yarinyar da ke minshari.

Asirin gida ba ya daɗewa a zango. Mata suka fara tambayar wace irin jinya ce ba ta ƙarewa, wata kuma ta ce ta je Kparatao sayen doya ba ta ga Inna ba. Mai unguwa ya ja Baba gefe bayan sallar Juma'a ya ce masa likita ya kusa zagayowa. Ashe Baba ya riga ya aika wa yayarsa, Goggo, da ke aure a Dapaong, ta bakin masu koro shanu. Inna ta sani, don tun kafin a gaya mana, zabuwa ta fara shirin kai 'ya'yanta gidan wata kaza a can arewa, mai faɗa amma mai yawan hatsi.

Goggo ta iso, ta kwana biyu. Ranar tafiya da safe, tana ɗaure kaya, muka lallaɓa bayan gida. Na ƙulla. Inna ta kai zabuwa da 'ya'yanta har ƙofar gidan kaza, ta yi sallama, kaza ta leƙo. Sai ga Goggo a kanmu.

"Kamiyo ba ya jiran kowa. Ku tashi."

Ta saɓi Auta, ta kama dantsena. Na ce ba a ƙare ba, ban kwance ba. Ta ce me zan kwance. Ta bayan zana Inna ta ce, "Auta, ki riƙe hannun yayanki a mota." Na tsaya ina jira ko akwai saura. Goggo ta ja ni, muka fita ta zauren da na yi watanni ban taka ba.

Na sha mafarkin fita daga gidan nan, amma da na fita ban ga komai ba. Muna zaune bisa buhunan goro a bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka hau duwatsu, muka sauka, aka haye da mu kogi a Sansanin Mango, muka wuce Bombouaka, bishiyoyi suna ta raguwa. Ni hankalina na kan silin ciyawa. A tunanina na yaro, muddin ƙullin nan na ɗaure, Inna ma a ɗaure take a ɗakin fatu, kuma ba mai kwancewa sai ni.

Goggo ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. Mijinta falken shanu ne, yau yana gida gobe yana Cinkassé, suna da 'ya'yansu maza. Tun a mota ta karanta mana doka: in an tambaya, uwarmu ta rasu. Ta ce in ba haka ba, ba mai cin abinci da mu, kuma ba mai auren Auta in ta girma. Haka mata suka yi ta shigowa suna shafa kaina suna cewa Allah Ya jiƙanta, ni kuma ina cewa amin da bakina, uwata tana raye. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba mai kawo itace har gyaɗa take ba ni don maraici. Kowace Juma'a da safe Goggo takan rufe ƙofa ta tuɓe mu a rana, ta duba mu tun daga wuya har tafin ƙafa. In ta ga wani ɗan tabo sai ta soka masa allura. In muka yi ƙara ta ce alhamdulillahi.

A Dapaong ba wanda ya hana ni fita, amma ban san inda zan je ba. Nakan tsaya a bakin hanyar kudu in duba har inda ido ya ƙare. Ba ni da ko ikon cewa ina kewar uwata yadda masu uwa ke cewa, don matacce ba a tambayar yaushe za a je wurinsa.

Auta kuwa ta sa ni gaba da tambaya, kaza ta leƙo, sai me? Na ce ban sani ba, ta yi kuka. Ran nan na ja ta bayan rumbu, na ƙulla sili a jikin jinka, na ƙarasa mata da kaina. Na ce kaza ta karɓe su, zabuwa ta tafi wani tafki mai nisa ta yi wanka, gashinta ya tsiro ya fi na da kyau, ta hau babbar mota ta zo ta ɗauki 'ya'yanta. Shi ne labarin yara na farko da na taɓa shiryawa, kuma na ji kaina ya yi girma, don Auta ta yi tsalle. Daga nan duk ranar kasuwa, in mota za ta iso daga kudu, sai ta je ta zauna a dokin ƙofa da ɗan ɗankwalinta a ɗaure. Ta yi damina guda tana haka, a kira ta cin abinci ta ƙi. Sannu a hankali ta rage, ta daina, ta fara ce wa Goggo Inna. Ranar da na fara jin haka na ƙi yi mata magana har yamma.

Ana nan umarni ya zo daga kumandan, kowace unguwa ta ba da yara a sa su lakwal, makarantar Faransa. Ba mai son ba da nasa. Mijin Goggo ya dubi 'ya'yansa, ya dube ni, ya ga wanda ya fi sauƙin bayarwa. Na shiga ina ƙunci, har na ji cewa yaran da suka yi fice akan tura su Sokodé su ɗora karatu. Daga ranar malami bai sake dukana a kan darasi ba. Mutane sun ɗauka son boko ne, har yau wasu na yaba mini. Ni kuɗin mota nake nema da ƙwaƙwalwata.

Da na koma Sokodé na yi tsawo, muryata ta fara buɗewa. Baba ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya ce bayan tafiyarmu da kaɗan aka zo aka tafi da Inna, kuma aka sa shi ya ƙone tabarmarta da zanan gaba ɗaya. Na je bayan gida na duba. An mayar da fatu ɗakin, wurin zana kuma kaji ne ke tono. Na tambaye shi ko yana zuwa ganinta. Ya ce yana aika mata da kilishi.

Ranar Alhamis ba a lakwal. Na yi sammako na kama hanyar ƙauyen da aka kai ta da ƙafa, na isa rana ta ɗaga. Ƙauye ne kamar kowane, ɗakuna a jere, gonakin doya da dawa, sai wani dogon gini inda matan mishan masu fararen kaya ke yi wa mutane allura. Na tambayi wata mata Bakotokola mai ɗaure da tsumma a ƙafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Kai ne na Dapaong? Uwarka yana can gindin mangwaro. Zo."

Da ba a nuna mini ba da na wuce ta. Fuskar ta kumbura, girar ta tafi, idanun sun yi fari-fari, hannayen tana ɓoye da su cikin zane. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe ta. Ta sunkuyar da kai, ta ce da matar, "A ba baƙo ruwa." Kafin matar ta motsa ta ce, "A'a, kar a ba shi a ƙwaryarmu." Matar ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta ja ƙafarta ta tafi. Muka rage mu biyu, karon farko a rayuwata, babu Kaka, babu zana, babu ɗan aike. Na ce a raina yau dai ba ta da mafita.

Can ta gyara murya, muryar ta dishe amma ita ce, ta ce, "Auta, a ina muka tsaya?"

Na ji kamar in tashi in tafi. Amma na saba, bakina ya riga ni. Na ce, "Kaza ta leƙo."

"Ce masa ya ƙulla."

Na je na zaro sili a bakin jinkar ɗakinta, na jiƙa, na ƙulla. Kafin ta fara na ce ai an riga an ƙarasa wa Auta, na ba ta labarin tafki da sabon gashi da babbar mota. Na zaci za ta yi murmushi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Auta, kin zauna jira a bakin ƙofa?"

Na ce, "Ta zauna. Damina guda."

"To ki ce masa bai kyauta miki ba. Da ya gaya miki gaskiya, da kin yi kukanki kwana biyu kin tashi kin ci tuwo."

Sai ta ƙarasa tata. Ta ce kaza ta karɓi 'ya'ya, ta riƙe su da amana, da faɗanta da komai. Gashin zabuwa bai sake tsirowa ba. Ta samu gindin wata bishiya inda 'yan'uwanta marasa gashi suke, ta zauna, ba yunwa take ji ba. Labari ya zo mata cewa ƙaramar ta manta da ita, tana bin kaza, ta ce madalla, abin da aka kai ta yi ke nan. Babban ne ya hana ta barci. An ce kullum yana bisa katanga yana duban hanya, ana watsa hatsi a ƙasa yana wuce shi. Zabuwa ta aika a gaya masa ya sauko ya ci, hanya ba za ta kawo kowa ba. Ta ce ƙurunƙus.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Inna, Auta tana Dapaong. Ba ta nan. Ni ne na zo, ni kaɗai."

Ba ta motsa ba. Wata akuya ta zo ta shinshina akushinta ta wuce. Sai ta ɗago kai, ta juyo da fuskarta sosai wajen da muryata take, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

Ta ce, "Na sani. Kwance ƙullinka ka tashi, rana tana yi. Kuma kar ka sake zuwa nan."

Na kwance. Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara, ta riga ta mayar da kai ƙasa. Ta yi shekara biyu bayan haka kafin Allah Ya karɓi abinsa, ina Sokodé duk tsawon lokacin, kowace Alhamis ba ni da abin yi. Ban koma ba. Magana ɗaya ta taɓa faɗa mini a duniya, ban iya tsallake ta ba.